Kifi na ganinka: abin da na gani a bakin kogin Loue

A Faransa akwai wani irin su da ba a sa wa ƙugiya koto. Babu tana, babu fara, babu ƙullin gari. Gashin tsuntsu ake ɗaura wa ƙugiyar da zare har ta yi kama da ƙwaro, a jefa ta bisa ruwa, kifi ya taso ya hamɓare abin da ba ya ciwuwa. Su da ƙuda suke kiransa, ko da yake yawancin ƙwarin da ake kwaikwayo ba ƙudaje ba ne. Duk wanda na ba wannan labari a ɗakin malamai tambayarsa ɗaya ce: to kifin nasu wawa ne? A'a. Cikin kifayen da na sani babu mai tsoro da lura irin nasa, kuma wannan wayo nasa ne ya tilasta wa masu nemansa wasu halaye da nake ganin ya kamata iyaye da malamai su ji.

Na je can ne horon malaman Faransanci a birnin Besançon, a watannin Yuli da Agusta, lokacin da ake shuka da noma a gida. Aka sauke ni gidan wani tsoho, malamin firamare da ya yi ritaya. Shi abokin aiki yake ce mini. Ni kuwa bakina ya ƙi kiran mai furfura haka da sunansa, sai nake ce masa Baba, yana dariya yana amsawa. Duk ranar da babu darasi da yamma sai ya ɗauke ni a motarsa mu yi wajen Ornans, wani ƙaramin gari mai nisan kilomita 25 ko kusa da haka, inda kogin Loue ya ratsa tsakiyar gidaje. A nan aka haifi mai zanen nan Gustave Courbet a 1819, kuma cikin zanensa akwai na wani ƙaton kifin kogin da ƙugiya a baki.

Kogin kansa abin kallo ne ga mutumin Maraɗi. Mu gulbi muka sani mai zuwa da damina, ja wur, ya yi barazanarsa ya tafi ya bar rairayi. Loue kuwa daga cikin wani kogon dutse yake fitowa, rani da damina, sanyi ƙalau, garai-garai har kana iya ƙirga tsakuwar da ke ƙasa. Baba ya ba ni labarin yadda aka gano inda wani kaso na ruwan ke fitowa. A 1901 gobara ta kama wata masana'antar giya a garin Pontarlier, aka malalar da giyar cikin kogin Doubs don kada ta ƙara wa wutar ƙarfi. Bayan ƴan kwanaki sai ga warinta ya ɓulla a idon ruwan Loue, can wani kwari daban. Ashe ruwan Doubs na zurarewa ta tsagogin dutse ya bi ƙarƙashin ƙasa. Ku riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Kifin da aka fi nema a kogin shi ne wanda Faransawa ke kira turwit, mai ɗigo-ɗigo a jiki, sai wani kuma da suke kira ombur, mai doguwar ƙaya a baya kamar tuta. Dukansu kifayen ruwan sanyi ne. Ruwa in ya yi ɗumi iskar da ke cikinsa raguwa take yi, shi ya sa turwit kan fara wahala da zarar ɗumin ya haura digiri 20. Tarwaɗarmu da ke shaƙar iska a sarari ta kwana cikin taɓo, da ta ji wannan sai ta yi dariya.

Kayan aikin ba su da yawa. Sanda ce siririya mai lanƙwasa, tsawonta kusan mita 2 da santimita 70, da ƙwarƙwaron naɗe igiya a gindinta. Abin da ya bambanta ta da fatsar da muka sani shi ne inda nauyi yake. Yaronmu in zai jefa fatsa, dalma ko koto ne ke jan zaren zuwa nesa. A nan ƙudan bai fi nauyin gashin da aka yi shi da shi ba, ko ka wurga shi da dukan ƙarfinka a ƙafarka zai faɗi. Saboda haka igiyar ce aka yi mai kauri da nauyi, ita ake jefawa, ƙudan ya bi ta. A bakinta ake ƙulla wani dogon zare mai kama da ruwa wanda ke ƙara sirancewa har ya kai kaurin gashin kai, can ƙarshensa ƙudan yake. Mai jifa yakan ɗaga sandar da sauri ya tsayar da ita cak ta ɗan wuce kansa, ya jira igiyar ta miƙe a bayansa, sannan ya tura ta gaba ya sake tsayarwa. Duk sirrin yana cikin wannan ɗan jira. Wanda ya yi gaggawa sai ka ji igiyar ta yi ƙara kamar bulala, ƙudan ya tsinke ya tafi. Na lura masu ƙarfi sun fi shan wahalar koyo, don hannunsu ba ya yarda ya tsaya.

Amma jifa ba shi ne ya fi ɗaukar hankalina ba. A yammacin farko da muka je, Baba bai ko haɗa sandar ba. Muka zauna bayan wata bishiya fiye da rabin awa, shiru. Can ya miƙe ya je bakin ruwa daga ƙasa, ya ɗago wani dutse ya kife shi a tafin hannu. Ƙarƙashinsa cike da halittu: wasu ƙananan ƙwari masu faɗi da wutsiya uku suna gudu, wasu kuma sun gina wa kansu ɗan gida da ƙwayoyin rairayi sun shige ciki. Ya ce, “Abokin aiki, ga abin da aka dafa a gidan yau. Wanda bai leƙa tukunya ba, me zai kawo wa baƙo?”

Masu wutsiya ukun nan ƴaƴan wani ƙwaro ne da sunansa na Faransanci ke nufin mai kwana ɗaya. Yakan yi shekara, wani ma biyu, a ƙarƙashin ruwa, sannan ya taso sama ya fasa fatarsa ya fito da fukafukai. Bayan fitowar ba ya cin komi, bakin ma ba ya aiki. Ya yi barbara, macen ta zuba ƙwai a ruwa, su mutu. Kifi yana bin kowane mataki na wannan rayuwa. Yakan ci ƙwaron yana rarrafe a ƙasa, ya ci shi yana tasowa, ya ci shi a maƙale a fatar ruwa yana ƙoƙarin fita, ya ci gawarsa da magariba. In wani iri ya yi yawa, kifin kan kafe a kansa ya ƙi kallon komi, ko da wanda ya fi shi girma ne ya wuce ta kan hancinsa. To aikin mai su shi ne ya gano wane ƙwaro ne, a wane mataki yake, girmansa nawa, kafin ya buɗe akwatinsa.

Akwai kuma karatun da ake yi a fuskar ruwa. In ka ga ɗan zobe ya buɗe a hankali ba ƙara, kifin na tsotsar wani abu ne da ya mutu ko ya maƙale, ba ya sauri don abincin ba zai gudu ba, kuma sau da yawa babba ne. In ka ji fantsama, yana bin ƙwaro mai tashi ne, ko kuma ƙaramin kifi ne mai rawar kai. In ruwan ya kumbura kawai bai fashe ba, a ƙasa da fatar ruwa yake cin abincinsa, duk ƙudan da ka ɗora a sama ɓata lokaci ne. Yawancin abin da turwit ke ci ma a ƙarƙashin ruwa yake cinsa, abin da ido ke gani a sama kaɗan ne daga ciki.

Inda yake tsayawa ma da dalili. Kullum kansa na fuskantar inda ruwa ke gangarowa, don ta nan abinci ke zuwa. Ba ya shiga tsakiyar ƙarfin ruwa, gajiya ce, kuma abin da zai samu bai biya kuɗin wahalar ba. Yakan laɓe gaban dutse ko bayansa, ko ƙarƙashin saiwar bishiya, ko a daidai iyakar da ruwa mai gudu ya haɗu da mai kwanciya, ya ɗan karkata ya ɗauki abin da ya zo ya koma wurinsa. Wuri mafi kyau na babban cikinsu ne. In aka kama shi, kafin kwana kaɗan na biye da shi ya gaje gurbin. Na ce wa Baba ai wannan zaman kasuwa ne, babban ɗan kasuwa a bakin ƙofa, ƙanana can ciki wajen rana.

Hausawa sun ce kifi na ganinka mai jar koma. A bakin Loue na ga lissafin maganar. Haske in zai shiga ruwa karyewa yake yi, kamar yadda kara ke yin kamar ya karye in an tsoma rabinsa a bokiti. Saboda wannan, duk duniyar da ke waje kifi na ganinta ne ta wata zagayayyiyar taga a saman kansa, mai buɗewar digiri 97 ko kusa da haka. Abin da ke sama sosai yana fita sarai, abin da ke ƙasa kusa da fuskar ruwa kuwa a matse yake a gefen tagar, ba ya fita da kyau. Shi ya sa za ka ga dattijo mai shekara saba'in yana rarrafe da gwiwa a bakin kogi, sanye da tufafi masu launin ciyawa. Mai tsaye ƙiƙam a kan gaɓa, farar riga, inuwarsa a kan ruwa, ya gama sanar da kowa zuwansa. Bayan ido kuma, akwai wani layi da ya bi gefen jikin kifi daga kai zuwa wutsiya, da shi yake jin motsin ruwa. Takun ƙafa mai nauyi ko karon tsakuwa ya ishe shi. Wurin da ba ya gani sosai shi ne bayansa, don haka ake zuwa masa daga ƙasa, a jefa ƙudan sama da shi, ruwa ya kawo masa.

Malaman kimiyya, ga darasin karyewar haske da ba ya bukatar ɗakin gwaji.

Abu mafi wuya shi ne ƙudan ya gangaro da saurin ruwan da yake kai, kamar ba a ɗaure yake ba. Tsakanin mai su da kifi ruwa ba gudu ɗaya yake yi ba, wani wuri sauri wani wuri sanyi-sanyi. In mai saurin ya ja cikin igiyar, ƙudan sai ya fara tsaga ruwa yana barin ɗan layi a bayansa. Mutum da ƙyar zai gani. Kifin kuwa zai taso har ya kusa taɓa shi da baki, ya dube shi, ya juya. Sau da yawa na ga haka, kuma kowane lokaci Baba kan ɗaga hularsa ga kifin. Maganin shi ne a sauke igiyar da ɗan sako-sako, ko a ɗaga cikinta a kwantar da shi ta sama ba tare da ƙudan ya motsa ba.

Sana'ar tsohuwa ce. Wani marubucin Rum mai suna Aelianus, wajen shekara ta 200 bayan haihuwar Annabi Isa, ya ba da labarin mutanen Makidoniya da ke ɗaura jan ulu da gashin zakara a ƙugiya su kama kifi mai ɗigo-ɗigo. A Ingila kuma har rigima aka yi a kanta. Frederic Halford, wanda littafinsa na 1886 ya yi tashe, ya tsaya kan cewa ƙuda mai yawo a saman ruwa shi kaɗai ya dace da mutumin kirki. G. E. M. Skues ya fito a 1910 ya ce tunda kifi a ƙasa ya fi cin abinci, a kai masa ƙwaron ƙarya can ƙasan. Aka yi shekaru ana ja-in-ja, har wasu ƙungiyoyi suka hana salon na biyu a ruwansu. Ni dai Skues na bai wa gaskiya, don shi kifin ya kalla, wancan kuwa ƙa'ida ya kalla. Duk malamin da ya taɓa zama taron gyaran manhaja ya san irin wannan gardama. Yankin da nake kuwa abin alfaharinsu shi ne wani lallausan gashi da ke kusa da wutsiyar agwagwa, wajen da take ɗebo man da take shafe jikinta da shi. A tsaunukan Jura, tsakanin Faransa da Suwis, aka fara yin ƙuda da shi, kuma yana yawo a ruwa ba tare da an shafa masa komi ba.

Yanzu ga ladabin kogi, wanda shi ne ya fi zauna mini a rai.

Akwai na doka. Ba ka jefa ƙugiya sai da kati, wanda ake saya ta hannun ƙungiyar masunta ta yankin, kuma da kuɗin ake kula da kogin. Akwai na shekara, akwai na mako, akwai mai araha na yara. Sun turwit a irin waɗannan koguna yana buɗewa Asabar ta biyu ta watan Maris, ya rufe Lahadi ta uku ta Satumba, don da sanyin hunturu kifin ke haƙa ɗan rami a tsakuwa ya zuba ƙwai. Akwai kuma tsawon da in kifi bai kai ba dole a mayar da shi, don ya samu ya haihu ko sau ɗaya.

Wanda ba a rubuta ba ya fi wannan yawa, kuma ya fi shi ƙarfi. In ka tarar da wani a ruwa, wurin nasa ne, har da abin da ke gabansa, tunda sama yake tafiya a hankali. Shiga gabansa daidai yake da tsallake mutum a layin rijiya. Za ka wuce shi, sai ka yi nesa da gaɓa ka zagaya ta cikin ciyawa, don kada inuwarka ko takunka ta kore masa kifin da wataƙila ya yi awa guda yana lallaɓa. In ya ɗago kai kun haɗa ido, ka gaishe shi da murya ƙasa-ƙasa, ka tambaye shi sama zai yi ko ƙasa, kai ka ɗauki ɗayan. In ka ga mutum zaune a gaɓa bai jefa komi ba, kada ka ɗauka ya gama, jira yake kifi ya huce. Gonakin da ke bakin kogin na makiyaya ne, ƙofar shingen da ka buɗe ka rufe ta. Guntun zaren da ka yanke aljihu ake sa shi, don tsuntsu na iya harɗewa a ciki. Ba a shiga ruwa sai dole, in an shiga ba a taka tsakuwar da kifi ke ƙwai.

Wata rana wani saurayi da sababbin kaya ya faɗo ruwa kamar mita goma gaban Baba. Na zuba ido in ga faɗa. Baba ya naɗe igiyarsa, ya fito, ya zauna har saurayin ya gaji ya fito shi ma. Sannan ya kira shi ya nuna masa ƙudan da kifin ke ci a ranar, ya ba shi biyu daga akwatinsa, can cikin hira ya gaya masa yadda ake wuce mutum a kogi. Yaron kunnuwansa suka yi ja. A mota Baba ya ce mini, “Babu wanda ya taɓa kawo shi. A waya ya koyi jifa.”

Inda muka saɓa da shi shi ne sakin kifi. Duk wanda ya kama, ko ya kai tsawon doka, mayarwa yake yi. Ya riga ya matse ɗan haƙorin da ke bayan bakin ƙugiya don ta fita da sauƙi. Yakan jiƙa hannu kafin ya taɓa kifin saboda yauƙin jikinsa ne ke kare shi daga cuta, ba ya ɗaga shi daga ruwa sai na ɗan lokaci, ya riƙe shi kansa na fuskantar ruwa har ya farfaɗo ya ƙwace da kansa. In ruwa ya yi ɗumi da yawa ba ya ma zuwa, ya ce kifin da aka gajiyar cikin ɗumi ko an sake shi mutuwa yake yi. Na ce masa, “Baba, a wurinmu kifi abinci ne. Wanda ya kama don ya ci, na gane shi. Amma a soki dabba a baki don nishaɗi a sake ta, wannan raina bai kwanta da shi ba.” Bai musa ba. Ya ce ƙetaren iyaka, a Suwis, doka ma ta hana mutum ya fita su da niyyar sakin duk abin da ya kama, saboda irin dalilin da na kawo. Sannan ya ba ni nasa dalilin.

A 2010 kifaye masu yawa sun mutu a Loue, jikinsu da farin fumfuna, kuma abin ya sake faruwa a wasu shekarun. Ruwa ba ya tsami banza. Ana danganta abin da taki da kashin shanun da ake zubawa a makiyayun da ke saman tsaunin, da ruwan ƙazantar garuruwa, da magungunan da ake fesa wa katako, ga kuma ɗumamar yanayi. Ƙasar ta dutse ce mai tsagogi, hanyar da giyar 1901 ta bi ita komi ke bi, ba tare da ya tace ba. Baba ya ce duwatsun da na ga suna cike da ƙwari, a ƙuruciyarsa sun fi haka nesa ba kusa ba. Masu su da ƙuda na cikin waɗanda suka fara ƙorafi, don su ne ke kife duwatsu duk mako. “In kowa ya tafi da nasa gida, cikin shekara nawa za mu gama da su? In kuma muka daina zuwa, wa zai lura?” Har yau ina nan kan bakana cewa kifin da aka kama aka ci da godiya ya fi wanda aka yi wasa da shi daraja. Amma tambayarsa ta biyu ba ni da amsarta.

Yana da jika ɗan shekara tara da kan zo hutu. Kwana uku na farko yaron bai taɓa sanda ba. Aikinsa ɗaukar ƴar homa, da kife duwatsu, da zama ya nuna da yatsa inda ya ga kifi. Kafin jifa, shiga ruwa aka koya masa: a gicciye ake tsayawa, ba a ba ruwa ƙirji ko baya, ƙafa ɗaya sai ta kafu ake ɗaga ɗayar, da sanda a hannu, kuma ruwa ba ya wuce gwiwa. In launin ruwan ya fara sauyawa ko ganye ya fara gangarowa da yawa, an yi ruwa a sama, a fita nan take. Ranar da aka ba shi sandar, a filin ciyawa ne, da guntun ulu a madadin ƙugiya. Cikin Agusta wata yamma tururuwa masu fukafukai suka faɗo kan kogin, kifaye suka haukace, yaron ya kama na farkonsa. Ni kuwa shinge na tuna, da yadda muke ɗibarsa gindin fitila bayan ruwan farko mu kai tabki washegari.

Don mu ma muna da wannan ilimi, kuma ba daga Turai aka kawo mana shi ba. Masuntan tabkin Madarunfa da Sorkawan kogin Isa sun san karfasa na share ɗan gurbi zagayayye a rairayin da ba zurfi, macen ta riƙe ƙwai da ƴaƴan a bakinta. Sun san tarwaɗa na bin ruwan farko cikin dare ta hau ciyawar da ruwa ya rufe ta yi ƙwai, bargi na gina sheƙa da ciyawa, gaiwa na shiga laka ta yi rani a can. A Argungu an hana su a Matan Fada sai ranar biki, kuma sai Sarkin Ruwa ya ba da izini. Wannan rufe ruwa da buɗe shi, ai shi ne Asabar ta biyu ta Maris ɗin Faransawa.

Bambancin da na gani ɗaya ne: a bakin Loue yaron da babba yake. Ku zagaya tabkunanmu da kududdufai da ramukan da aka haƙa don bulo a watan Agusta, ku ƙirga manyan da ke wurin. Yara ne zalla, babbansu bai wuce sha biyu ba. Wasu da gidan sauron da aka raba don kare su daga masassara suke jan ruwa, raga ce da ba ta barin ko ɗan kifin da bai kai farce ba, kuma maganin da ke jikinta guba ne ga kifi. Duk damina sai mun ji an yi jana'izar yaron da ramin bulo ya ci, don gaɓarsa a tsaye take, babu gangare. Ga tsargiya, wadda ke fitowa daga katantanwar ruwan da ke kwance ta shiga ta fata. Abin da muke yi mu iyaye shi ne hani da bulala. Hanin bai hana su zuwa ba, ya dai hana su gaya mana sun je. Ina ganin uban da ya ɗauki ɗansa yamma ɗaya ya kai shi bakin tabki, ya nuna masa inda ake tsayawa da inda ba a takawa, ya sa shi mayar da ƙaramin kifi da hannunsa, ya fi kusa da kare ransa.

Tun dawowata, duk farkon shekarar karatu, kafin tabkin da ke bayan gari ya ja baya, nakan kai ƴan ajina can da safiyar wata Asabar, da yardar iyaye, da wani dattijon masunci da ke zuwa ya tsaya mana. Babu mai tsoma ƙafa a ruwa. Minti ashirin na farko zama ne shiru, kowa da littafinsa, ya rubuta abin da ya gani da inda ya gan shi. Wannan ne ya fi yi musu wuya, kuma a minti na goma ne karfasa kan dawo bakin gaɓa. Daga nan masuncin ya ɗebo mana ruwa da ciyawa a bokiti, mu juye a farin faranti mu duba abin da ke motsi. Sai a tsoma kara a yi maganar haske, a kawo kifi ɗaya daga komarsa a nemi layin nan na gefe. A zanen da na kwafa a allo layi ɗaya ne miƙaƙƙe daga kai zuwa wutsiya. Bara wata yarinya da uwarta ke suyar kifi a tasha ta ɗaga hannu ta ce, “Mushe, na karfasa biyu ne. Ɗaya a sama ya tsaya a hanya, ɗaya ya fara daga ƙasa ya kai wutsiya.” Muka juya kifin a faranti, kawuna suka taru a kansa. Biyu ne.